Kwana Bakwai a Ƙasar Ruma

Wanda ya bar birnin Katsina ya kama hanyar Batsari, kafin ya yi nisa zai wuce Babbar Ruga. Yawancin matafiya ba su ko waiwayar wurin, amma ya kamata kowane Kirista Bahaushe ya san labarinsa. A zamanin mulkin Turawa ba a yarda 'yan mishan su yi wa'azi a fili cikin ƙasashen sarakunan Musulmi ba. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa mishan ta S.I.M. aikin kula da kutare a Babbar Ruga, kamar yadda aka ba ta Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Ma'aikatan nan sun shekara da shekaru suna wanke gyambuna, suna ba da magani, suna zama da mutanen da danginsu ma suke gudu. Daga baya gwamnati ta karɓi asibitin. Amma har yanzu akwai tsofaffi a ƙasar Katsina da suke tunawa da alherin nan.

Ta wannan hanya muka bi, mu shida, maza huɗu da mata biyu, bayan an gama girbin gero. Ikilisiyarmu ce ta aike mu domin mu yi kwana bakwai tare da 'yan'uwa ƙalilan da ke zaune a ƙasar Ruma, mu kuma gai da maƙwabtansu.

Ruma tsohuwar ƙasa ce a yammacin Katsina. Sarkin Ruma yana zaune a Batsari, Safana kuwa tana kudu da ita. Ƙasa ce ta duwatsu da jigawa da kuka da tsamiya, ga gonakin gero da dawa da gyaɗa, ga kuma rogon Batsari wanda sunansa ya kai birni. Yamma da garuruwan nan Dajin Rugu ya miƙe har iyakar Zamfara, inda Fulani suka daɗe suna kiwo. Mutanen nan sun san wahala tun kaka da kakanni. Bayan jihadi, da sarakunan Haɓe na Katsina suka koma suka kafa Maraɗi, ƙasar Ruma ta zama bakin dāga, hari ya zo daga can, ramuwa ta tashi daga nan. A zamanin nan ne aka yi Ɗanwaire, jarumin da Rumawa suke alfahari da shi har gobe. A zamaninmu kuma masu satar shanu da masu sace mutane suka addabi ƙasar. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutane kimanin 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. Don haka duk mai niyyar zuwa, kada ya tashi sai mutanen wurin sun ce masa hanya ta yi kyau, kuma kada ya bar gari bayan la'asar.

Mai bisharar da ya sauke mu ya shekara da yawa a wurin. Abin da ya fara yi shi ne ya kai mu gaisuwa wurin mai gari. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa, muka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, Kiristoci, mun zo ziyarar 'yan'uwanmu." Mai gari ya ce, "Madalla. Wanda ya zo ta ƙofa ba a tambayarsa me ya kawo shi." Ya sa aka kawo mana fura. Daga ranar nan kowa a garin ya san ko mu su wane ne, ba wanda ya yi mana kallon masu ɓoye wani abu.

Kwanakinmu ba su cika da taro ba. Da safe mazanmu suka bi maza zuwa gona, ana haƙar rogo ana ɗaurin dawa. Matanmu suka shiga cikin gida, suka taya sussuka da surfe, ana hira ana dariya domin hannuwan 'yan birni ba su saba da taɓarya ba. Da yamma muka zaga gaida marasa lafiya. Rana ta uku aka yi rasuwa a gidan wani Musulmi maƙwabcin mai masaukinmu, muka je muka zauna a tabarmar ta'aziyya kamar kowa. Wata tsohuwa da aka kashe ɗanta a hari ta riƙe hannun ɗaya daga cikin matanmu, ta ce, "'Yata, ku da kuka zo daga nesa, ashe kun ji labarinmu?" Ba ta roƙi kome ba. So take a zauna a saurare ta, aka kuwa saurara har rana ta faɗi. Da dare mukan taru da 'yan'uwa a yi waƙa, a karanta Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a. Wanda ya tambaye mu game da begen da muke da shi cikin Yesu Kristi, mun amsa masa a fili, ba gardama, ba zagin addinin kowa.

Masu karatu za su yi mamaki in sun ji cewa akwai wata Ruma a ƙasar Turai. Gari ne a ƙasar Sabiya, arewa maso yamma da Belgared babban birninsu, cikin fili mai albarkar alkama da masara. Sabiya tana cikin ƙasashen da a dā suka haɗu suka zama Yugoslabiya. Ba dangantaka tsakanin sunayen biyu, dacewa ce kawai. Amma labarin Sabiyawa yana da abin koya wa duk mai tafiyar bishara ta 'yan kwanaki.

Matasa daga ikilisiyoyin Amurka da Ingila da Jamus sukan je Sabiya lokacin hutu, su yi mako biyu ko uku suna koyar da Turanci ko suna taimako a sansanin yara. Wanda ya je da tunanin shi ne zai fara kai musu sunan Yesu, zai sha kunya. Kusa da Ruma tasu akwai kufan tsohon birnin Sirmiyum, inda aka kashe shugaban ikilisiya Irenayus saboda bangaskiyarsa a shekara ta 304. Ikilisiyar Otodoks ta Sabiyawa ta sami 'yancin kanta a 1219 ta hannun Saba, wanda suke girmamawa ƙwarai. Sun riƙe addininsu ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin mulkin Turkawa, suka sāke riƙe shi a zamanin Kwaminisanci. An buga Sabon Alkawari cikin harshen talakawansu a 1847, shekara 85 kafin a buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa a 1932. Sun kuma sha yaƙi a shekarun 1990, aka yi musu ruwan bama-bamai a 1999. Mutanen da suka sha irin wannan ba su saurin amincewa da baƙo, kuma da yawansu suna zargin ƙananan ikilisiyoyi da raba kan jama'a.

Duk da haka Basabiye mai karɓar baƙi ne. Kowane gida yana da ranar bikinsa ta shekara, wadda suke kira Slava, ranar da dangi da abokai suke cika gida a ci a sha. Wanda aka gayyata sau ɗaya, ana sa ran ganinsa kowace shekara. Hira kuwa ba a yinta a tsaye, sai an zauna an sha gahawa. Ashe abin da fura da tabarma suke a Ruma ta Katsina, shi ne gahawa da tebur a Ruma ta Turai. A wuraren biyu, ba a buɗe wa mai gaggawa zuciya.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da dattawan ikilisiya sukan yi: kwana bakwai me zai ƙulla? Kuɗin mota da na guzuri ba gara a aika wa mai bisharar da ke can ba? Tambaya ce mai nauyi. In baƙi sun zo da lasifika, suka cika gari da ƙara, suka ɓata wa maƙwabta rai, suka tafi, to, ɗan'uwan da ke zaune a wurin shi zai kwana cikin ƙurar da suka tayar, wataƙila ma da ransa. Irin wannan tafiya gara a fasa ta. Amma in baƙi sun zo ƙarƙashin jagorancin na gida, suka ƙara masa mutunci a idon maƙwabta, suka kuma dawo baɗi, tafiyar ta biya kuɗinta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A Luka sura 10, da Ubangiji ya aiki almajirai saba'in, ya umarce su su zauna a gida ɗaya, su ci abin da aka ba su, su kula da marasa lafiya. Aikin 'yan kwanaki ne, amma a kan zaman gida da cin tuwo tare aka gina shi.

Saboda haka, iyalin da ke shirin sakin ɗa ko 'ya zuwa irin wannan aiki, ku koya musu gaisuwa da ladabin zaure kafin su tashi. Kada su yi alkawarin da ba za su cika ba. Su rubuta sunayen waɗanda suka sauke su, su riƙa tambayar lafiyarsu, in an yi haihuwa ko rasuwa su aika da saƙo.

Muna roƙonku ku sa ƙasar Ruma cikin addu'ar iyali ta wannan wata. Ku yi addu'a domin gwauraye da marayu na Batsari da Safana, Musulmi da Kirista, domin manoma da makiyaya su zauna lafiya, domin sarakuna da masu mulki su sami hikima, domin kuma masu bisharar da suka zauna a can sa'ad da waɗansu suka gudu. Ku tuna da Sabiyawa kuma. Allah ya ba mu ƙafar zumunci. Amin.