Gidajen Haya a Saman Tashar Kashe Gobara

A Alexandria, garin da ke gefen birnin Washinton na Amurka, akwai wani bene wanda ƙasansa tashar 'yan kwana-kwana ce, samansa kuwa gidajen haya ne guda 64 da aka tanadar wa masu ƙaramin ƙarfi da matsakaitan ma'aikata. An buɗe shi a 2009 a unguwar Potomac Yard, inda a da ake haɗa taragon jiragen ƙasa. Fili ya yi tsada, tashar kuma ba ta da abin yi da sararin da ke bisa rufinta, shi ya sa aka haɗa buƙatun biyu a gini ɗaya.

Wahalar tana wuyan mai zanen ginin. Ƙa'idar NFPA 1710, wadda hukumomin kashe gobara na Amurka ke auna kansu da ita, ta ba ma'aikata daƙiƙa 80 su shirya su fita, sai minti 4 motar farko ta isa wurin gobara. Saboda haka dole hanyar da ta tashi daga ɗakin barci zuwa mota ta zama gajeriya, ƙofar mazauna kuma ta yi nesa da ta motoci, don kada yaro mai keke ya yi kiciɓis da motar da ta fito a guje.

Akwai haɗarin da ido ba ya gani. A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Tufafin aiki kan dawo da toka mai guba, injin dizal kuma na fitar da hayaƙi a cikin rumfa. Shi ya sa ake kasa tashoshin zamani uku: wurin motoci da kaya masu datti, wurin wanki da wanka, sannan wurin kwana da cin abinci. Idan akwai iyalai a sama, dole a raba musu hanyar iska.

Galibin kiran da ake yi wa 'yan kwana-kwana a Amurka na marasa lafiya ne, gobara kaɗan ce a ciki. Don haka zama kusa da jama'a yana cikin aikin, har wasu tashoshin kan ware ɗaki don gwajin hawan jini da koyar da taimakon gaggawa. Ingancin zanen dai sai da tsakar dare ake gane shi: mota ta fita a kan lokaci, jaririn da ke bene bai shaƙi hayaƙinta ba.