Tsagar Kunne

Mu biyar ne a ɗakinmu, Yaya ce babba, kuma ita ta ƙarasa renonmu bayan rasuwar mahaifinmu. Saboda haka ranar da ta dawo gida a shekarar 2019 da takardar saki ƙulle a bakin zanenta, bayan shekara 17 a ɗakin miji, ba mu ɗauki abin nata ita kaɗai ba. Sakin kansa bai ci mana rai sosai ba, domin aure rai gare shi, in kwanansa ya ƙare babu mai ƙara masa. Abin da ya hana mu barci shi ne furucin da mijin ya yi gaban alƙali, cewa arziki ya karye masa, ba shi da ko anini sai rigar wuyansa.

Mutumin nan fatauci yake yi na banda da hatsi a Nguru, garin da kasuwa ta raya tun da layin dogo ya iso daga Kano a 1930. Duk wanda ya san wannan ƙasa ya san karayar arziki ba baƙon abu ba ce ga mai harkar kifi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamu ta sauya hali, ga kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa. Don haka alƙali bai yi laifi ba da ya saurare shi, ya yanka wa yara huɗu abin ciyarwa ɗan kaɗan.

Kada mai karatu ya zaci rabon dukiya muka je nema. A Ingila kotu kan raba wa ma'aurata abin da suka tara, har ma a 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yarje wa wasu mata biyu su sake tayar da shari'a saboda mazansu sun ɓoye gaskiyar abin da suka mallaka. A wurinmu kuwa aure ba ya gauraya dukiya: abin miji nasa ne, abin mata nata ne. Haƙƙi biyu kurum muke bi. Na farko ciyar da yara, wanda shari'a ke aunawa da ƙarfin uba, shi ya sa mai son ragi yakan fara da ɓoye ƙarfinsa. Na biyu kayan Yaya na kanta, wato karsana biyu da ta gada, da kuɗin adashin da ta tara daga sayar da ƙuliƙuli, waɗanda ta danƙa masa shekara 11 kafin nan ya juya mata. Ya ce shanun sun mutu a wani rani, kuɗin kuwa bai san da zancensu ba. Alƙali ya tambayi Yaya shaida, ta sunkuyar da kai. Wace mace ce za ta kira mutum biyu su tsaya a kanta alhali tana miƙa wa mijinta abu a cikin ɗaki? Aka ɗaga zama, aka ba mu lokaci.

Kawu ne ya nuna mana bakin zaren. Ya ce, "Yara, dukiyar ɗan kasuwa a bakin mutane take. Wani ne ya auna, wani ya ɗora, wani ya sauke." Muka bi dillalai da leburori da 'yan kamasho muna gaisuwa, ba mu tambayar kowa kai tsaye, har wani direba ya faɗa cikin hira cewa duk kaka yakan sauke wa surukin namu buhunan gero a Gashua.

Biyu daga cikinmu suka kama hanya ta Jajimaji, suka sauka Gashua ta Mai Bade, a gaɓar Kogin Yobe. Ɗakin ajiyar yana nan, cike maƙil, amma da sunan ƙanensa, kuma babu mai son sa bakinsa. A kwana na uku wani mahauci ya ce mana in shanu muke nema mu bi fadama, akwai rugar da mutumin yakan ziyarta.

Mahaifinmu yana da shaidar da yake yi wa dabbobinsa, tsaga biyu a kunnen hagu. Ita muka fara hangowa a kunnen wata tsohuwar saniya, sannan a kunnen wata, da wata, har tara. Muka gai da dattijon makiyayin, muka ce, "Baffa, waɗannan masu tsagar kunnen fa?" Ya ce, "Na uwargida ne. Ranar da Alhaji ya kawo mini biyun farko haka ya faɗa da bakinsa, ni kuwa duk abin da suka haifa sai in yi masa shaidar uwarsa, kada amana ta cakuɗe mini." Ashe bai ma ji labarin sakin ba. Da muka roƙe shi ya zo kotu, ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Samari, abincina a hannun Alhaji yake, amma kabarina ni kaɗai zan shiga."

A mazhabar Malikiyya ana karɓar shaidar namiji ɗaya adali tare da rantsuwar mai da'awa in maganar dukiya ce. Baffa ya ba da shaida, Yaya ta rantse, aka ba ta shanunta. Da ƙarya ta fito fili, mijin da kansa ya nemi sulhu, dattawa suka zauna aka ƙara abin ciyar da yara. Ɗakin hatsin Gashua kam har yau da sunan ƙanensa yake. Saura kuɗin adashi, wanda babu shaida a kansa, sai dai a ba shi rantsuwa. Nan Yaya ta ɗaga hannu ta ce, "Allah Ya gafarta Malam, na bar masa. Ba zan tsaya ina kallo uban 'ya'yana ya dafa Alƙur'ani a kan abin da ni da shi muka sani ba." A ranar mun ji haushinta ƙwarai. Yanzu mun gane ta fi mu hangen nesa.

Ba za mu ce mun dawo da murna zalla ba. Babban ɗanta, mai shekara 15 a lokacin, ya yi wata shida ba ya gai da mu, don a ganinsa mun tona wa mahaifinsa asiri a bainar jama'a. Baffa kuma aka kwashe sauran garken daga hannunsa. Waɗannan biyun suna damunmu har gobe, alhali da an rubuta 'yar takarda tun farko da babu wanda ya shiga wannan hali. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu kunya ta sa muna ganin yin haka tsakanin miji da mata rashin yarda ne.

Da aka zo auren autarmu, muka zauna da dangin ango aka rubuta duk abin da ta shiga da shi, kowa ya sa hannu. Wasu sun yi gunaguni, suka ce mun kawo kotu cikin biki. Yaya ce ta riƙe takardar. Allah Ya sa kada ranar buɗe ta ta zo.