Daga Elisheba zuwa Alisabatu

Mai jin sunan Elizabeth a yau, Ingila ce ke fara zo masa a rai, kuma ba a banza ba: sarauniya ta farko mai wannan suna ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603, ta biyu kuwa daga 1952 zuwa 2022, ita ce wadda aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956. Amma sunan baƙo ne a Turanci. Asalinsa Ibrananci ne, Elisheba, sunan matar Annabi Haruna a Attaura, ana kuma fassara shi da "Allahna shi ne rantsuwata". Da ya shiga Girkanci sai ya sami harafin t a ƙarshe, a wannan siga kuma Linjilar Luka ta kira matar Zakariyya, mahaifiyar Yahaya.

Turawa sun yi wa sunan gutsuri-tsoma: Bess, Betty, Eliza, Liz, Beth. A Sifen ya rikiɗe ya zama Isabel. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, shi da ya fitar da Indo da Shatu daga A'isha, ya fitar da Dije daga Hadiza.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne sigar da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wato Alisabatu. Kunne na jin ta sai ya jera ta da A'ishatu da Hadizatu da Salamatu, kamar 'yan ɗaki ɗaya. Alhali -tu ɗin waɗancan daga ta'ul marbuɗa ta Larabci ta fito, t ɗin Alisabatu kuwa gadon Girkanci ce, aka liƙa mata wasali domin kalmar Hausa ba ta son ƙarewa da baƙi. A ganina wannan dacen ne ya sa sunan ya zauna a baki ba tare da ƙamshin baƙunta ba.

Duk da haka bai shiga gidajen Musulmi ba. Zakariyya da Yahaya sun cika gari, domin Alƙur'ani ya ambace su da suna. Matar kuwa ya ambace ta bai faɗi sunanta ba. Sai Alisabatu ta tsaya a gidajen Kiristoci masu jin Hausa. Yawancin abin da na karanta kan sunayen Hausawa ya kasa su gida biyu, na gargajiya da na Musulunci, kuma har yanzu ban ga inda zan ajiye Alisabatu a wannan rabo ba.