Neman malami: sanarwar hukuma ko saƙon WhatsApp?

Duk shekara, da zarar watan Satumba ya kama, masu makarantu masu zaman kansu a Maraɗi kan shiga neman malamai ido rufe. Wani malamin ya samu aikin gwamnati, wata an yi mata aure ta bi mijinta Yamai, wani kuma makarantar da ke bayan layi ta ƙara masa jaka biyar ya koma can. Ga Oktoba na matsowa, iyaye sun fara biyan kuɗin rajista, aji kuma ba ya zama babu mushe. Na yi shekaru ina cikin kwamitin da ke ɗaukar ma'aikata a wata ƙaramar makarantar firamare mai zaman kanta, kuma gardamarmu ɗaya ce kowace shekara: a kai sanarwa inda aka saba kai sanarwar aiki, ko a jefa ta WhatsApp da Facebook a huta?

Bari in fara da tsohuwar hanya. A ƙasarmu akwai hukumar samar da aikin yi ta ANPE, mai rassa a manyan biranen jihohi, inda mai neman aiki ke yin rajista, mai neman ma'aikaci kuma ya kai buƙatarsa. Akwai jaridar Le Sahel da ke buga sanarwar ɗaukar ma'aikata, akwai kuma shafukan intanet da ba su da wani aiki sai tallar guraben aiki. Abin da nake so da wannan hanya shi ne tsari. Wanda ya zo ta nan yakan zo da dosiyensa cikakke: takardar haihuwa, shaidar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba a taɓa yanke masa hukunci ba, da kwafin diplom ɗinsa wanda hukuma ta buga wa hatimi. Ya san ranar rufewa, ya san inda zai kai takardunsa. Idan wata rigima ta taso daga baya, akwai abin da za a ɗauko a nuna.

Sai dai mu tambayi kanmu, su wa ke leƙa waɗannan shafuka? Galibi matasa ne da suka fito daga jami'a, ta Abdou Moumouni a Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo a nan Maraɗi, ko André Salifou a Damagaram, kuma idonsu na kan aikin ƙungiyoyin agaji da manyan kamfanoni. Sanarwar koyarwa suna amsa ta ne kafin abin da suke jira ya zo. Ban ga laifinsu ba, kowa na neman abin da zai riƙe gidansa. Amma na ga yadda abin ke ƙarewa. Mutum ya zo da digirinsa, a ba shi ajin CE1, yara su fara sabawa da shi, watan Janairu ya samu kira daga wani wuri ya ajiye alli. Sauran watannin shekara sai ajin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Ga kuma waɗanda ke turo takardu daga Tawa ko Agadas, sai ka faɗa musu albashin su yi lissafin kuɗin haya da na mota, su ce za su kira ka, shi ke nan.

WhatsApp kuwa kamar wutar daji yake. Ka rubuta saƙo bayan la'asar, kafin isha ya shiga zauren tsofaffin ɗalibai, ya shiga na malaman unguwa, ya shiga na matan da ke adashe. Waɗanda yake kawowa mutanen kusa ne, daga Zariya ko Bagalam ko Ali Ɗan Sofo, masu zuwa aiki da ƙafa ko da kabu-kabu, waɗanda ba za su bar gari gobe ba. Idan mai gadi ake nema, ko mai shara, ko direba, to nan ne ma kawai za a same su, domin yawancinsu ba sa karanta Faransanci, amma saƙon murya da Hausa kowa na jin sa. Ba a biyan kowa kuɗin talla. Ga makarantar da ke ƙirga kowace dala, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wahalar tana biyo baya. Saƙon da ka tura yakan rage nauyi a hanya. Kai ka ce ana neman malamin da ya fito daga makarantar horon malamai, mai shekara biyu da fara koyarwa, amma kafin ya wuce hannu uku ya koma “makaranta kaza na ɗaukar ma'aikata”. Kwanan wata ya ɓace, har ka ga ana kiran ka a watan Maris a kan gurbin da aka cike tun Oktoba. Macuta ma sun gane hanyar. Sukan ɗauki sunan makaranta ko na wata ƙungiya, su canza lambar waya, su ce a turo kuɗin dosiye kafin a duba takardu. Na san matasan da suka tura jaka biyu, jaka uku, kuɗin da suka ranto, suka zo bakin ƙofarmu suna tambayar ranar jarrabawar da ba mu taɓa sa wa rana ba.

Abin da ya fi damuna duk da haka shi ne alfarma. Saƙon WhatsApp ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe da wanda ya turo shi. Da safe wayarka za ta yi ƙara: “Malam, ina kwana? Ga ɗan ƙanena nan zai zo wurinku, ka riƙe shi amana.” Mai maganar wataƙila kawunka ne, ko limamin unguwa, ko Alhajin da ya ba makaranta siminti bara. Da wane baki za ka ce masa a'a? Da haka gurbin malami ke komawa hanyar sauke nauyin zumunci, kuma wanda zai biya bashin yaro ne ɗan shekara bakwai da bai san an yi ba. Akwai kuma wadda saƙon ba zai taɓa isa gare ta ba: malamar da ta gama horo tana zaune a Tibiri ko Madarunfa, wayarta ƙarama ce, ba ta cikin zauren kowa, ba ta da kawu a birni. Mu kan ce WhatsApp ya kai ko'ina, alhali inda mutanenmu suke kawai yake kaiwa.

Da na daɗe a cikin wannan aiki, sai na ga gardamar tamu ta tsaya a bakin ƙofa. Shafin tallar aiki takarda yake kawo maka, WhatsApp kuma ya kawo maka sanayya, kuma daga cikinsu babu wanda ke faɗa maka ko mutumin ya iya koyar da yaro karatu. Duk wanda ke harkar ilimi a ƙasar nan yana tune da jarrabawar da gwamnati ta yi wa malamai ƴan kwantiragi na firamare a shekarar 2017, da irin hayaniyar da sakamakonta ya tayar. Mutane ne da aka ɗauka da takardu, wasu sun yi shekaru a aji, amma da yawa suka kasa abin da ake tambayar ɗaliban firamare. Ko me mutum zai ce game da yadda aka shirya jarrabawar, ta nuna cewa ɗaukar malami a kan takarda kaɗai cinikin biri a sama ne. Ɗaukarsa a kan “ɗan gidan wane ne” kuwa ya fi haka muni.

Shi ya sa a makarantarmu muka tsaida ƙa'ida guda: ko ta ina ka ji labari, ƙofar shiga ɗaya ce. Muna rubuta sanarwa ɗaya da Faransanci da Hausa. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ban ga dalilin da zai sa sanarwar neman mai gadi a Maraɗi ta fito da Faransanci kaɗai ba. A cikinta muna sa ranar da aka rubuta ta da ranar rufewa, ajin da ake nema wa malami, albashi a fili, da ko ana biyan watannin hutu. A ƙasa muna rubutawa da manyan baƙaƙe cewa ba a biyan ko dala. Mu kai ta ANPE, mu manna ta a ƙofar makaranta, mu ba gidan rediyo, sa'an nan mu ɗauki hotonta mu tura WhatsApp da Facebook tare da saƙon murya. Hoto ya fi rubutu wuyar yankewa a hanya. Ba ma karɓar dosiye ta waya. Kowa ya kawo da hannunsa, a rubuta sunansa a rajista ya sa hannu.

Bayan nan sai darasin gwaji, wanda shi ne ainihin jarrabawar. Da yake a Satumba ba a koma makaranta ba, muna amfani da yaran da ke zuwa darussan hutu. Mu ba mai nema aji da alli da minti 30, mu uku mu zauna a baya: darakta, tsohon malami ɗaya, da wakili ɗaya daga iyayen yara. Gani ya kori ji. A cikin minti goma za ka ga wanda ke magana da allo ya juya wa yara baya, da wanda ke lura da yarinyar da ta yi shiru a bencin ƙarshe. Za ka ga rubutunsa a allo, ko yaro ɗan CI zai iya kwaikwayonsa. Za ka ji abin da yake yi idan yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, ko tsawa zai daka masa ko zai sake tambayar ta wata fuska. Za ka ga ko idan Faransanci ya tsaya wa yara yana iya sauko musu da Hausa su gane, sa'an nan ya mayar da su. Babu diplom ɗin da ke ɗauke da waɗannan, babu kuma kawun da zai iya shaidar su.

Wannan ƙa'ida ta ba ni amsar da nake ba masu neman alfarma ba tare da na ɓata da kowa ba. “Alhaji, ya zo ranar Asabar ya yi darasin, mu uku ne ke dubawa.” Wasu daga cikin waɗanda aka turo ba sa zuwa ma. Wasu sukan zo su ba mu mamaki. Malamar da ta fi kowa iya koyar da karatu a wurinmu ta WhatsApp ta ji labari, wata uwa daga ƙungiyar iyaye mata ce ta tura mata. Malaminmu na CM2 kuwa a shafin intanet ya ga sanarwar, ya zo bai san kowa ba. Dukkansu a gaban yara muka gane su.

Kafin a sa hannu, muna kiran makarantar da mutum ya baro, mu tambayi dalilin tafiyarsa da yadda yake da yara. Mai gadi da direba ma haka, har ma mun fi tsanantawa, domin su ne ke tare da ƴaƴan mutane lokacin da babu idon kowa. Ba na ɗaukar abin da na gani a shafin Facebook na mutum a matsayin shaida, kowa kyakkyawar rigarsa yake sawa a can. Sa'an nan a rubuta kwantiragi, a yi wa ma'aikaci rajista a CNSS. Makarantar da ta ɗauki malami da saƙon murya, ta sallame shi da saƙon murya, kada ta yi mamaki idan ya tafi ranar da ya ga dama.

Ƴan'uwana malamai masu neman aiki, ku riƙa duba hanyoyin biyu, amma duk sanarwar da ba ta da kwanan wata da adireshi, ko ta ce a turo kuɗi, ku taka ku je makarantar ku tambaya kafin ku fitar da ko sisi. Idan an ce ku yi darasin gwaji, kada ku ɗauke shi raini. Ga wanda ba shi da kowa, wannan ce damar da ta fi kowace adalci.

Ku kuma iyaye, kuna tambayar kuɗin makaranta da na tufafi, kuna duba fenti da benci. Ranar rajista ku ƙara tambaya ɗaya ga darakta: malamin da zai riƙe ɗana bana, ta yaya aka ɗauke shi, wa ya ga darasinsa? A makarantar gwamnati ku kai tambayar taron kwamitin CGDES, a mai zaman kanta ku kai ta taron iyayen yara, ku nemi a sa wakilinku a cikin masu dubawa. Daraktan da ya san za a yi masa wannan tambaya a Oktoba zai yi tunani sau biyu kafin ya amsa wa kawunsa a Satumba.