Abin da Hunturun Jos Ya Koya Mini

Wanda ya tashi a ɗakin ƙasa ba ya sanin tsadar ɗumi sai ya koma gidan haya na bulo da kwano. Katangar ƙasa takan sha rana tun hantsi, ta riƙa sakin zafin a hankali har asuba. Kwano kuwa da magariba ta yi ya huce. Sai da aiki ya kai ni Jos, garin da ke bisa tsauni mai tudun kusan mita 1,200, na gane haka. A Disamba da Janairu akan yi daren da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10, ga ni da iyali a ɗaki biyu babu silin.

Hitar lantarki na fara tunani. Mai wat 2,000 tana cin yunit biyu a awa guda, kuma a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Naira 450 ke nan duk awa a wancan farashin. Albashina ba zai ɗauka ba.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta shigo gaida maiɗakina, ta kai hannu ƙasan ƙofa, ta ce, “Malam, ai ta nan sanyin ke shigo muku. Ku fara toshe nan kafin ku nemi wuta.” Muka naɗe tsohon buhu muka danne wurin. Muka cusa tsumma tsakanin kwano da katanga, inda iska ke busowa da ƙura. Tsohon bargo ya zama labulen taga. Daɓen siminti babban ɓarawon ɗumi ne, don haka muka shimfiɗa kwali ƙarƙashin katifar yara, tabarma a bisa kwalin. Suwaita da safa da hular sanyi duk a gwanjo muka samo su. Da rana mukan buɗe tagar da hasken rana ke shigowa ta cikinta, mu rufe tun la’asar. Kafin kwanciya kowa ya sha kunu mai citta da kanumfari, a shafe wa yara ƙafa da man kaɗe saboda kaushi.

Abin da ban yarda a yi wasa da shi ba shi ne kaskon gawayi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Takan sa ciwon kai da jiri da nauyin barci, mai barci kuma yana iya zarcewa ke nan. Ɗakin da aka toshe kamar namu ya fi kowane haɗari. A tsakar gida muke hura gawayin mu ji ɗumi, kaskon kuma a can yake kwana. Abin da ke shiga ɗaki shi ne ruwan zafi a gora mai murfi, a naɗe da zane, a ajiye wajen ƙafafun yara.