Matar da ta koya wa inji gane ɓarawo

Shekarar da nake karantarwa a wani ƙauye tsakanin Dungass da Magarya, wani mutum ya kira uwar wata ɗalibata a waya. Ya ce shi ma'aikacin gidan aika kuɗi ne, ta faɗa masa lambarta ta sirri. Ɗiyarta ce ta riƙe mata hannu, ta ce: "Inna, kar ki faɗa. Tun da Baba yake aiko kuɗi, ba a taɓa tambayarmu wannan ba." Haka kuɗin hatsin da uban ya aiko daga Kano suka tsira.

Washegari na ba da labarin a aji, na ce yarinyar nan ta dace da aikin kwamfuta. Wani yaro ya yi dariya, ya ce: "Mushe, ai wannan aikin maza ne." Na so in ƙaryata shi, amma na rasa sunan mace ko ɗaya. Ni da na fito daga makarantar horon malamai! Kunya ta sa na shiga bincike.

Ashe mata suna cikin aikin tun farkonsa. A 1843 wata ƴar Ingila, Ada Lovelace, ta rubuta matakan da injin lissafi zai bi ɗaya bayan ɗaya, alhali ba a ma ƙera injin ba. A 1945 mata shida ne suka tsara wa ENIAC aiki, wata ƙatuwar kwamfuta ta Amurka mai cika ɗaki.

Wadda ta fi burge ni ita ce Dorothy Denning, ƴar Amurka. A 1987 ta bayyana yadda kwamfuta za ta gane ɓarawon da ya shigo da lambar sirrin wani. Ga dabarar: injin ya riƙa lura da halin mai lambar, lokacin da ya saba shiga, da abin da ya saba taɓawa. Ranar da aka shigo tsakar dare ana kwasar abin da bai taɓa nema ba, sai injin ya yi ƙararrawa. Kun san yadda uwa take gane tafiyar kowa a gidanta ko cikin duhu. In ta ji baƙon taku a bakin rumbu, nan take za ta tashi. To, abin da ɗalibata ta yi ke nan. Ba ta san mutumin ba, amma ta san tambayarsa baƙuwa ce.

Na rubuta sunayen nan a allo, kowa ya kwafa a kayensa. Yaron ya kwafa, yana ɓata rai.

Ƙarshen shekara na ji ana maganar cire yarinyar daga lakwal. Na je gidansu, muka zauna da uban a zaure. Na tuna masa da kuɗin hatsinsa. Ya daɗe shiru, sannan ya ce ta ƙara shekara guda, a gani.