Sabulun da ke cin hannu

Yanzu kowace unguwa ka shiga sai ka iske masu haɗa sabulu. Bitar kwana biyu, a ba yarinya takardar shaida, washegari ta fara sayarwa. Ban ƙi sana'a ba, Allah ya sani. Amma na ga tafin hannun wata maƙwabciyata duk ya saɓule, yatsu sun tsattsage, daga sabulun wanki mai arha da ta saya. Gaggawar masu haɗin ce ta jawo.

Iyayenmu mata masu dafa sabulun salo da ruwan toka da man kaɗe wuni suke a bakin tukunya suna juyawa. In an sauke sai su ɗan taɓa da harshe. Ya yi raɗaɗi? To toka ta rinjayi mai, a ƙara mai a mayar kan wuta. Wannan gwajin bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Duk da haka ba zan ce kowa ya kai harshe kan ɗanyen haɗin yau ba, domin sodar kostik da ake haɗa shi da ita ta ninka ruwan toka ƙarfi, nama take ci. Akwai 'yar takardar gwaji a wurin masu sayar da kayan haɗi. Ma'aunin pH daga 0 yake zuwa 14, ruwa mai tsabta yana kan 7. A jiƙa sabulun ya yi kumfa, a ɗora takardar, a gwada launinta da wanda ke jikin kwali. Tsakanin 9 da 10 lafiya lau. In ya kai 12, kada ya taɓa jikin ɗan Adam. Fatarmu wajen 5.5 take, shi ya sa ko mai kyan ma yakan busar da ita.

Sabulun da ba a dafa ba yana son mako 4 zuwa 6 a inuwa, iska na ratsa shi. Wa ke jira yau? Jiya aka zuba, yau yana kasuwa. Sai dai jiran ma ba ya gyara sodar da ta yi yawa tun farko. Mai awo da gwangwanin madara ko shekara ta jira, sabulunta yana iya cin hannu. A sayi sikeli. A riƙa zuba soda cikin ruwa, kada a zuba ruwa kan soda, kuma ban da tukunyar alminiyom.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan sodar da ake ajiyewa a robar lemo. Fari ne tas, yaro ya gani ya kurɓa. Na san wanda maƙogwaronsa ya tsuke, tuwo ya gagare shi, don uwa tana sauri ta bar robar a tsakar gida. In hakan ta faru kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti. In a fata ne, a yi ta kwarara ruwa na minti 20.

'Ya'yana mata, don Allah ku gwada kafin ku sayar, ku kulle sodar nan inda hannun yaro ba ya kaiwa.